Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga likitoci da ma'aikatan jinya: ku haɗa mashayi da 'yan'uwansa kafin ku sallame shi

Ya ku likitoci, ma'aikatan jinya da shugabannin asibitoci, ranku ya daɗe.

Ina gaishe ku da aiki, Allah Ya ƙara muku lafiya da juriya. Ni ɗaya ne daga cikin mutanen nan da ake kawo muku da tsakar dare, ido ya yi rawaya, hannu yana karkarwa, kuna tambayarsa abin da yake sha yana ce muku ba komai. Shekara 16 na yi ina shan giya. Yau shekara 7 da wata 4 ke nan rabona da ita. Sau uku ana kwantar da ni a dalilinta, kuma duk sau ukun kun yi mini abin da ba ni da bakin gode muku. Ba don Allah Ya sa na faɗo hannunku ba, da tuni an manta da ni. Saboda haka cikin girmamawa nake rubuto muku, kuma roƙo ɗaya tak na zo da shi.

Duk mashayin da ya shigo hannunku, don Allah kada ku bar shi ya fita sai kun haɗa shi da 'yan'uwansa masu fafutukar daina sha da ke taruwa kusa da inda yake zaune. Ya san ranar da suke zama, da lokacin, da ɗakin, ya kuma ji muryar mutumin da zai tarbe shi a bakin ƙofa.

Ranar da za a sallame ni a kwanciyata ta farko, likita ya zauna gefen gadona da sakamakon gwajin hanta a hannunsa. Mutumin kirki ne, bai yi mini faɗa ba, bai kuma ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Malam, hantarka ta fara kumbura. In ka daina yanzu za ta iya farfaɗowa. In ka ci gaba, ba na jin za ka sake shigowa nan da ƙafarka." Na ce masa, "Likita, na daina." Wallahi har cikin zuciyata na faɗa. Ina tuna yadda na yi ta kokawa da maɓallin rigata, yatsuna suka kasa, sai matata ce ta sa mini. Kwana 9 na yi. A na goma na koma ruwa.

Mashayi ba ya bukatar a gaya masa giya na kashe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: shi ke yin aman da asuba, shi ke ganin yadda 'ya'yansa ke yin tsit idan ya shigo gida. Abin da bai sani ba shi ne yadda zai yi da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da aka tashi daga aiki, jiki ya fara kira, ƙafa ta kama hanya tun kafin kai ya yanke shawara. Abokansa duk a can suke. Lambobin da ke wayarsa duk nasu ne. Kun ba shi maganin sati biyu, kun rubuta masa ya dawo bayan wata guda, amma tsakanin yau da ranar dawowar akwai yamma talatin, kuma kowacce shi kaɗai zai shige ta.

A kwanciya ta biyu wata likita ta ƙara mini da cewa akwai ƙungiyoyin masu daina sha, in duba a intanet. Har yau ina gode mata, don ita ce ta fara sanar da ni akwai irin wannan abu a duniya. Amma ku ji yadda dubawar ta kasance. Sati uku na yi kafin in iya rubuta kalmar a wayata, ina rubutawa ina gogewa, don kada wani ya ɗauki wayar ya gani. Da na duba, abin da ya fara fitowa tallace-tallacen cibiyoyi ne masu kwantar da mutum wata da watanni, waɗanda ba ni da halinsu. Can ƙasa na sami wani jerin tarurruka, yawancinsu a garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Guda ɗaya ne kusa da ni, Laraba ƙarfe shida. Lambar wayar da aka sa ba ta shiga. Duk da haka na yi wanka, na sa kayana masu kyau, na tafi. Sau biyu ina wuce ƙofar ginin kafin in iya tsayawa. Da na tsaya, sai na tarar da kwaɗo a jiki. Maigadi ya leƙo ya ce wa nake nema, na rasa abin ce masa, da ƙyar na ce an ce mini ana wani taro nan ranar Laraba. Ya ce ai waɗannan sun fi shekara da tashi, bai kuma san inda suka koma ba. Na yi masa godiya na juya. A daren nan sai ɗauko ni aka yi aka kai ni gida.

Ba wanda ya yi mini mugunta a wannan labarin. Likitar ta faɗi iyakar abin da ta sani, masu taron sun tashi da dalilinsu, wanda ya sa jerin a intanet bai sami labari ba. Amma ƙarfin halin da na tara cikin sati uku a bakin wannan ƙofar ya zube, kuma sai da na yi shekara uku kafin in sake tara irinsa.

A kwanciya ta uku, a dare na huɗu, barci ya ƙi zuwa, zufa ta jiƙa zanin gado. Wata nas mai aikin dare ta gama duba ƙarin ruwan da aka sa mini, ta ja labule, ta rage murya ta ce, "Malam, akwai wani bawan Allah da ya taɓa kwanciya a ɗakin nan da irin ciwonka, yanzu shekararsa huɗu bai sha ba. Ya bar mini lambarsa, ya ce duk wanda ya yarda in kira shi ko ƙarfe nawa ne. Ka yarda?" Ban iya magana ba, kai na ɗaga mata. A gabana ta kira shi, ta miƙo mini wayar. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Ɗan'uwa, na san yadda daren nan yake. Gobe da yamma zan shigo." Ya kuwa zo. Ranar da aka sallame ni yana tsaye bakin ƙofar asibiti, daga nan ba gida muka nufa ba, wani ƙaramin ɗaki ya kai ni mai kujeru a zagaye, mutum takwas a zaune. Ba wanda ya tambaye ni sunan mahaifina ko inda nake aiki. Wani dattijo ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba cikin tankin ruwan banɗaki, na ji tsigar jikina ta tashi, don a nan ni ma nake ɓoye tawa, kuma shekara da shekaru na ɗauka ni kaɗai ne a duniya na lalace har haka. Zama huɗu na yi ban ce uffan ba, ba kuma wanda ya matsa mini.

Kiran wayar nan bai kai minti biyar ba. Daga baya na gano cewa abin da nas ɗin ta yi da basirarta an taɓa gwada shi. A 1981 wasu masu bincike biyu a Amurka, Sisson da Mallams, sun raba mutum 20 da ke zuwa wata cibiyar kula da mashaya gida biyu. Kashi na farko an ƙarfafa musu gwiwa su je taro, an ba su rana da lokaci da wuri. Kashi na biyu kuwa, a gabansu aka kira wani tsohon ɗan taron, suka gaisa a waya, ya yi alkawarin ɗauko su ko haɗuwa da su kafin a shiga, ya kuma sake kira ana gobe taro don ya tuna musu. Dukan 'yan kashi na biyu sun je cikin sati guda. A kashi na farko ko mutum ɗaya bai je ba. Na san mutum 20 ba su da yawa, kuma kun fi ni sanin iyakar abin da ƙaramin bincike zai iya tabbatarwa. Amma ni na zauna a kashin farko sau biyu, na zauna a na biyu sau ɗaya, kuma abin da suka gani shi ne ya faru da ni.

Ita kanta ƙungiyar da ta fi kowace shahara a wannan fage, Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA, daga irin wannan kiran waya ta samo asali. A watan Mayun 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda bai fi wata biyar da daina sha ba, ya je birnin Akron a jihar Ohayo ta Amurka kan wani ciniki, cinikin kuma ya watse. Yana tsaye a harabar otal ɗin Mayflower, ɗakin shan giya a gefe guda yana kiransa, sai ya nufi inda aka liƙa jerin sunayen majami'u ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi. Daga wannan zuwa wancan har aka haɗa shi da wata mata, Henrietta Seiberling, ita kuma ta haɗa shi da Dakta Robert Smith, likitan tiyata da giya ta kusa gamawa da shi. Likitan ya ce minti 15 kawai zai ba shi. Sai da suka shafe kusan awa shida suna magana. Ranar 10 ga Yunin 1935, ranar da aka ɗauka a matsayin ta shansa na ƙarshe, ita ƙungiyar ke lissafawa ranar kafuwarta. Ku lura, ɗaya daga cikin mutum biyun nan abokin aikinku ne. Kuma daga 1939, shi da wata ma'aikaciyar asibitin St. Thomas da ke Akron, Sista Ignatia, suka fara kwantar da mashaya a matsayin marasa lafiya, tsofaffin mashaya na shigowa suna zama gefen gadonsu. Dubban mutane sun bi ta hannunsu. Don haka abin da nake roƙo ba baƙo ba ne a gidanku, a asibiti ya girma.

Wataƙila wani cikinku zai ce, mu da muka yi karatun likitanci, yaya za mu tura majinyaci wurin mutanen da ba su da takardar komai? Tambaya ce mai kyau, kuma an amsa ta da irin hujjar da kuke karɓa. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi, inda suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun gano cewa idan ma'aikacin lafiya ya bi tsari wajen shigar da majinyaci cikin AA, kimanin kashi 42 cikin 100 kan kai shekara guda ba su sha ba ko sau ɗaya, yayin da a sauran ingantattun hanyoyin ba da shawara adadin ya tsaya wajen kashi 35. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan sakamakon na inda ma'aikacin lafiya ya sa hannu ne, ya yi bayani, ya haɗa, ya kuma riƙa tambaya a kowace dawowa ko an je. Ke nan rabin aikin a hannunku yake.

Kuma adadin nan da kansa ya nuna fiye da rabi ba su kai shekarar ba tare da tuntuɓe ba. Ba zan ɓoye wannan ba. Na san waɗanda muka fara tare suka koma ruwa, na raka gawar biyu daga cikinsu. Na kuma san waɗanda AA ba ta karɓe su ba, ko don maganar miƙa lamari ga wani iko da ya fi ƙarfin mutum da ke cikin matakanta 12, ko don salon zaman bai yi musu ba. Wannan ba dalilin barin su haka ba ne, domin ƙofar ba ɗaya ba ce. Akwai SMART Recovery, da aka kafa a 1994, wadda ba ta kawo zancen imani, tana koya wa mutum dabarun kama tunaninsa lokacin da sha'awar ta taso. Akwai Women for Sobriety ta mata zalla tun 1975. Musulmi a birnin Baltimore sun kafa Millati Islami a 1989, suka daidaita matakan da koyarwar addininsu, Kiristoci kuma suna da Celebrate Recovery tun 1991. Wanda ya je wani zama bai ji daɗinsa ba, a ce masa ya gwada wani, don ko a cikin ƙungiya ɗaya kowane ɗaki da irin mutanensa.

Akwai ƙananan abubuwa da in kun gaya wa majinyaci za su cire masa rabin tsoro, don su ne suka hana ni barci kafin zuwana na farko. A AA ba a biyan kuɗin shiga, ba a cike fom, ba a rubuta suna a rajista. Sharaɗin zama ɗan ƙungiya ɗaya ne, mutum ya kasance yana son daina sha. Sunan farko kawai ake faɗa, wanda ma bai so ba ya yi shiru ya saurara. Zama iri biyu ne: akwai buɗaɗɗe, wanda kowa zai iya halarta har da ɗan'uwa ko ma'aikacin lafiya, akwai kuma rufaffe, na masu matsalar kaɗai. Yawanci awa guda ake yi. Ba a ce wa mutum ya yi rantsuwar har abada, abin da ake ce masa shi ne ya riƙe yau kawai, gobe in ta zo a riƙe ta. Ina roƙon kowane ɗayanku ya je buɗaɗɗen zama ko sau ɗaya ne ya zauna a baya. Wanda ya gani da idonsa, yadda zai yi wa majinyaci bayani daban ne.

Sai dai akwai iyakar da taro ba ya tsallakewa, kuma a nan ne muka fi bukatarku. Kun fi ni sanin cewa wanda jikinsa ya saba da giya, idan ya yanke ta lokaci guda, karkarwa da zufa kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani kuma bayan kwana biyu zuwa uku ya ruɗe, yana gane-gane yana sambatu, abin da kan iya kai shi lahira in ba a kula ba. Mu a ɗakin taro ba mu da maganin wannan. Ba ma rubuta magungunan rage sha'awar giya irin su naltrexone ko acamprosate, ba ma ba da bitamin thiamine, ba ma gwada hanta. Idan sabon mutum ya shigo mana yana rawar jiki, wurinku muke so mu kawo shi, kuma sau da yawa ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa a karɓe shi ba tare da wulaƙanci ba. Hanyar nan zuwa da dawowa ce. Ku ba mu sunan wanda za mu kira a asibiti, mu ba ku sunan wanda za ku kira a taro.

Ga shugabannin asibitoci kuma, abin da nake nema ba ya bukatar sabon gini ko sabon ma'aikaci. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin riƙe jerin tarurrukan da ke yankin, kuma kowane wata ya ɗaga waya ya tabbatar suna nan, ba su canza rana ko ɗaki ba. Jerin da ba a tabbatarwa gara babu shi, na gaya muku abin da kwaɗon nan ya yi mini. A ƙasashen da take aiki, manhajar Meeting Guide tana nuna zaman AA mafi kusa da mutum, kuma tun annobar korona ta 2020 tarurrukan intanet sun yawaita ƙwarai, har kusan kowace awa akwai wanda ake yi a wani wuri a duniya, mutum ya shiga da wayarsa ko bai kunna kyamara ba. Wannan babbar rahama ce ga wanda ke nesa, da wanda ke tsoron a gan shi. Amma kada a ce masa ya je ya duba. A buɗe masa a wayarsa tun yana kan gado, a zauna da shi ya shiga na farko.

Inda kuma babu taro ko ɗaya, ku ba da ɗaki. Kowane asibiti yana da ɗakin da ake kullewa bayan an tashi aiki. Awa guda a sati, kujeru goma, da ƙofar da ba a rubuta komai a jikinta ba. Mutum biyu sun isa su fara. Cikin tsofaffin majinyatanku akwai waɗanda suka daina, kuma da yawansu jira suke a tambaye su, don taimakon sabon mutum yana cikin abin da ke riƙe mu mu ma.

Maganar ƙofar da ba a rubuta komai ba, da gaske nake. A inda shan giya abin kunya ne, ko doka ta hana, mutum ya gwammace ya mutu da ciwonsa da a ji. Mace kuwa abin ya fi yi mata nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa da yawa ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu. Kada a yi wa majinyaci wannan magana a tsakiyar ɗaki gaban masu jinya da 'yan dubiya. A ja labule kamar yadda nas ɗin nan ta yi, a nemi yardarsa kafin a ba kowa lambarsa, mace kuma a haɗa ta da mace. In ya ce a'a, a ƙyale shi, a rubuta masa lambar a bayan katinsa, a sake tambayarsa in ya dawo.

Kada kuma ku manta da wadda ke zaune a kujerar gefen gado. Matata ta yi shekara 16 tana ƙirga takun ƙafata daga bakin ƙofa don ta gane a wane hali na dawo, kuma a duk kwanciyata uku ba wanda ya tambaye ta yaya take. Tun 1951 akwai Al-Anon, ƙungiyar iyalan mashaya, wadda Lois, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa ta, akwai kuma Alateen ta 'ya'yansu matasa tun 1957. Iyali na iya zuwa ko da shi mashayin bai yarda ya daina ba.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, kuma mutum kusan miliyan 400 ne ke fama da matsalar shanta, miliyan 209 daga cikinsu jikinsu ya riga ya dogara da ita. Ko da kowane likita a duniya ya bar sauran aikinsa, ba za ku iya zama da waɗannan mutane kowace yamma ba, kuma ba wanda ya ce ku yi. Mu za mu zauna da su. Mu dai ba mu san su ba, ba mu san gadon da suke kwance ba, ku ne kuke ganinsu a ranar da suka fi kowace rana shirin jin magana, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Shekara 5 ke nan da na koma wurin nas ɗin nan na ce ta rubuta sunana na farko da lambata a ƙarƙashin ta mutumin da ya zo mini. Ta buɗe bayan wani ƙaramin littafi da take sawa a aljihun rigar aikinta, na ga sunaye huɗu, nawa ya zama na biyar. Tun daga lokacin ba na kashe wayata da dare. Kiran ƙarshe da ta yi mini sati uku ke nan, wajen ƙarfe biyu, wani matashi ne da ba ya iya riƙe wayar sai ita ta kara masa a kunne. Jibi za mu je zamansa na huɗu tare.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon majinyacinku